Abin da Nea Anghel Ya Ji a Bakin Kogi

A garinmu Moruna babu wanda ya taɓa ɗaukar Anghel Dobrota a bakin komai sai da ya kai shekara saba'in da huɗu. Ba raina shi aka yi ba, mantawa da shi ake yi. Irin mutumin nan ne da za a tashi daga biki a yi ta musu ko ya zo ko bai zo ba, alhali shi ya jera kujerun. Dogo ne siriri, kunnuwansa fato-fato, kuma duk ranar duniya ƙarfe bakwai na safe za ka same shi tsaye a bakin kogin Danube yana kallon ruwa kamar ya ba shi ajiya. Manya da yara Nea Anghel suke ce masa, wato Baba Anghel, shi kuma ya ɗaga hula ya wuce.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan nan na kan tudu, wanda aka kewaye da waya, mai dogon ƙarfe a kan rufi da ake hangowa har daga tsallake. A zamanin tsohuwar gwamnati kogin shi ne iyaka, kuma duk abin da ya shafi iyaka sirri ne. Ranar da aka ɗauke shi aiki aka sa shi ya sa hannu a wata takarda, cewa ba zai gaya wa kowa abin da yake yi ba, har matarsa. Aikin kuwa ga shi nan: sau uku a yini ya sauka matakala ɗari da goma sha biyu, ya duba inda ruwa ya kai a jikin sandar awo, ya tsoma ma'aunin sanyi, ya hau ya rubuta, ya aika da lambobinsa ta rediyo, ya karɓi na tashoshin da ke sama da shi. Iyakarsa ke nan. Amma ya riƙe alkawarin takardar nan tamkar addini. Gwamnatin da ta sa shi sa hannun ta faɗi, waɗanda suka zo bayanta suka shiga karanta lambobin nan a rediyo kowa yana ji, shi dai bakinsa ƙanin ƙafarsa. Safta, matarsa, har ta koma ga Allah tana yi masa tsiya cewa ita nata mijin ruwa yake gadi kada ya gudu.

Ya yi ritaya, aka rufe gidan, ciyawa ta cinye matakalar. Ya zauna shi kaɗai da kajinsa da itatuwansa uku, yana cin tuwon masara da cuku rana da dare ba ya gajiya. Da haka zai ƙare, ba don littafin nan ba.

Wani matashi ne daga babban birni ya rubuta shi, mai kauri kamar bulo, bangonsa baƙi da hoton wani tudu da hasken kore a kai. Labarin wani ofishin gwamnati ne wanda babu sunansa a kowace takarda, da ya kafa na'ura a kan tudu a bakin wani kogi don ta riƙa kamo muryoyin matattu. Wai gwamnati ba ta haƙura da sirrin da mutane suka ɓoye mata har suka shiga kabari ba. Duk wanda aka sa ya saurari na'urar sai ya zare, in ban da mutum ɗaya, wani dogo siriri marar magana. Sauran shafukan kuwa guje-guje ne da baƙaƙen motoci da wata 'yar jarida mai taurin kai da aka yi ta nema a kashe ba ta mutu ba. Abu ɗaya dai marubucin ya nanata har ya gundure mu: na'urar ba ta kama muryar mai rai, sai ta wanda ya riga ya tafi.

Kwafi biyu aka kawo laburaren gari, kuma Doamna Olimpia, wato Malama Olimpia, da ke kula da shi ta ce a shekara ashirin da ta yi tana kaɗe ƙura a wurin ba ta taɓa ganin layi ba sai a kan littafin nan. Mutanen da rabonsu da karatu tun takardar aure, sai ga su da tabarau. Malamin lissafi ya ce shirme ne tsagwaronsa, kuma ya tabbatar da haka bayan ya karanta shi sau biyu. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kansa, ya ce matattu suna hannun Allah ba hannun ma'aikatan gwamnati ba, amma da ya shiga kawo misalai sai kowa ya gane har babi na ƙarshe ya kai. Tsofaffin mata suka ce su ba abin da ya ba su tsoro, ai da ma sun sani. Mu da muka girma muna rage murya in za mu yi magana kusa da wayar tarho, ba ma buƙatar a lallashe mu kafin mu yarda gwamnati tana sauraron abin da bai shafe ta ba.

Sai kuma rubutu a gefen shafi. Wannan tsohuwar ɗabi'armu ce, tun lokacin da ba a iya faɗin ra'ayi da baki: ka ari littafi, ka bar maganarka da fensir, na bayanka ya ba ka amsa. Doamna Olimpia ta yi kwana uku tana gogewa, ta gaji ta ajiye kilina. Wani ya rubuta, "Wannan ƙarya ce." Aka rubuta masa a ƙasa, "Kai ma nasu ne." A shafin da aka fara kwatanta mai sauraron nan, wani ya ja layi ƙarƙashin "dogo siriri", ya rubuta haruffa biyu kacal: A. D. Kafin mako ya zagayo mutum goma sha ɗaya sun sa alamar amincewa a gefen haruffan.

Gligor mai aski ne ya fara tarar Nea Anghel da maganar. Gligor gajere ne mai tumbi, bakinsa ya fi almakashinsa aiki.

"Ranka ya daɗe, shigo, shigo. Kai tashi ka ba shi kujera, ba ka ga wanda ya shigo ba?" Ya yafa masa ƙyalle, ya sunkuyo daidai kunnensa. "Nea Anghel, tsakani da Allah, surukata tana can tana zagina, ko ta huce?"

"Aski na zo yi, Gligor."

"Kun ji ko? Aski ya zo yi. Haka na littafin ma yake cewa. Shekara talatin muna zaune da kai, ashe kunnuwan nan ba a banza suka yi faɗi ba."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda aka saba yi masa ba. Akwai ɗan shakka a ciki. Da aka gama Gligor ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi wa Nea Anghel daɗi. Wa zai ƙi? Mutumin da ya tsufa ana mantawa da shi, yau ya shiga kantin burodi a yi tsit. Aka riƙa aiko masa da farfesun kifi. Baƙi biyu suka zo daga birni suka ɗauki hoton gidan kan tudu, suka nemi ya tsaya a gaban ƙofar. Bai taɓa cewa eh ba, bai kuma taɓa cewa a'a ba. In an matsa masa sai ya kalli kogi ya ce, "Na sa hannu a takarda." Ya gaya wa kansa cewa ai bai yi wa kowa ƙarya ba.

Shi ma ya karɓi littafin da layinsa ya zo. Ya karanta shi da fensir a hannu, yana tsaki. Marubucin ya sa kogi ya daskare a watan Oktoba. Ya sa iska tana kaɗawa daga inda ba ta taɓa kaɗawa ba, ya sa mutum ya tsallaka ruwa a kwale-kwale cikin minti biyar. Nea Anghel ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa da ƙananan haruffansa masu tsabta: "Ba haka ba ne." "Ruwa ba ya yin haka." Mutanen gari da suka ga gyaran suka ce to, ga shi nan, ya gyara maganar ruwa da ta iska amma bai taɓa maganar na'ura ba. Wuri ɗaya ne kawai fensirin ya tsaya masa, inda mai sauraron yake cewa matattu ba sa faɗin sabon abu, tambayar da suka yi ta ƙarshe suke ta maimaitawa. Ya rufe littafin a nan, ya fita ya ba kaji ruwan da ba su nema ba.

Akwai mace ɗaya a Moruna da ba ta taɓa rubuta komai a gefen shafi ba, kuma ba ta yi dariya ba. Domnica ke nan, matar Lazar makanikin tarakta. Shekara ɗaya da rabi da aurensu, a farkon Nuwamba na 1987, Lazar ya fita bai dawo ba. Kowa ya san kogi ya nufa, don a shekarun nan samari da yawa sun gwada tsallakawa da iyo. Wasu sun kai sun aiko da wasiƙa, wasu an dawo da su a ɗaure, wasu ruwa ya kawo su. Lazar babu wasiƙa, babu gawa. Masu son kwantar mata da hankali suka ce yana Jamus ya yi wata matar, kamar wannan abin kwantar da hankali ne.

A harabar cocinmu akwai akwatunan ƙarfe biyu cike da yashi, ɗaya na kyandir ɗin rayayyu, ɗaya na waɗanda suka yi barci. Kowace Asabar Domnica takan sayi kyandir uku. Ta kafa na iyayenta a na matattu, ta kafa na ƙanwarta a na rayayyu, na ukun kuwa ta kunna ta tsaya da shi a hannu tsakanin akwatunan biyu har ya cinye. Kakin ya sha ƙona mata yatsu. Fadoji uku aka yi a cocin nan, kowanne ya yi mata magana, kowanne ya haƙura. Ta ce kafa wa mai rai kyandir a wurin matattu kisan kai ne, kafa wa mamaci a wurin rayayyu kuma hana shi hutawa ne, ita kuwa ba za ta yi wa Lazar ko ɗaya ba. Ba ta sake aure ba, ba ta sa baƙi ba, ba ta taɓa dafa masa koliva, alkamar sadakar mamaci, ba. Shekara talatin da shida. Nea Anghel kuwa tun daga wannan shekarar ba ya zuwa coci ranar Asabar.

Wata Laraba da hantsi yana tsakar gida yana jera barkono a zare, sai ga ta a bakin ƙofa, littafin a ƙirjinta. Ya ba ta kujera, ya ce zai dafa kofi, ta ce ya bar shi.

"Nea Anghel, ni ba yarinya ba ce. Na san littafi littafi ne." Ta shafa bangon. "Amma kowa ya ce kai ne. Kai kuma ba ka ce ba kai ba ne."

"Domnica, mutane suna da surutu."

"Ban zo don surutun mutane ba. Ba kuma na son ka karya alkawarinka, ba sai ka gaya mini yadda abin yake aiki ba. Tambaya ɗaya ce." Ta ɗago ido. "Ka taɓa jin sa? Lazar. Ko sau ɗaya."

Zaren ya kuɓuce masa, barkono biyu suka faɗi. Ya sunkuya ya tsince su a hankali, don ya sami abin kallo. Ga hanya a buɗe, ya ce mata babu wata na'ura, babu komai a gidan can sai rediyo da littafin lambobi. Amma ya san in ya fara faɗin abin da ke gidan, ba a nan maganar za ta tsaya ba. Sai ya zaɓi 'yar guntuwar gaskiyar da ba za ta ci shi ba.

"Ban ji shi ba," in ji shi.

Ya ɗauka za ta yi kuka. Sai ya ga fuskarta tana buɗewa, irin yadda bai gan ta ba tun tana amarya.

"Ko sau ɗaya? A duk shekarun nan?"

"Domnica, ki tsaya…"

"Ai na'urar ba ta kama muryar mai rai." Ta miƙe, ta kama hannunsa da nata biyu ta sumbata. "Allah ya saka maka. Da ma jikina ya ba ni."

Ranar Asabar gari ya ɗauka. Domnica ta kafa kyandir na uku a akwatin rayayyu. Mata suka rungume ta a harabar coci. Ta yi wa ɗakin gaba farar ƙasa, ta ciro hoton aurensu ta kai aka ƙara masa girma, ta ce da wata mai zuwa za ta tsallaka ta bi garuruwan can ɗaya bayan ɗaya da hoton, in ta kama ta wuce har Jamus. Ƙanwarta ta zo ta yi mata faɗa, ta ce mace mai shekara sittin da ciwon ƙafa ina za ta. Domnica ta ce ai wanda ya sani ne ya gaya mata.

Gligor ya ba Nea Anghel labarin yana murna. "Ka ga aikin lada, tsoho. Da kalma huɗu ka ta da matar nan daga kabari."

Kalma huɗu. Nea Anghel ya fito daga shagon da kumfa a bayan kunne. Ba abin da ya dame shi kamar yadda ya gane cewa kusan kalmomin nan ne ya taɓa faɗa wa mijinta.

Ga yadda abin ya faru. Lazar abokin kamun kifinsa ne, duk da ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Wata Talata da yamma Anghel yana ƙasan matakala yana duba sanda, Lazar ya zo ya tsuguna kusa da shi kamar mai wanke hannu. Kogin ya kwanta luf a makon nan, kai ka ce tafki ne. Lazar bai dube shi ba, ya ce a hankali, "Nea Anghel, ruwan nan haka zai zauna har Alhamis?" A safiyar ranar Anghel ya karɓi lambobin tashoshin sama. An yi kwana huɗu ana ruwa a duwatsu, kuma ya san ranar Alhamis ƙaruwar za ta iso, da ƙarfinta da gumaguman da take ɗaukowa. Duk garin shi kaɗai ya sani. Amma zamani ne da ake aiko maka da amininka ya gwada bakinka, ga soja a kan hasumiya, ga takardar da ya sa wa hannu. Ya ci gaba da kallon sandarsa ya ce, "Ban ji ka ba." Lazar ya ɗan yi murmushi, ya yarfe hannu, ya tafi.

Ranar Asabar da safe Anghel ya sauka awo ya tarar da tiyub ɗin tayar tarakta ya sarƙe a gindin sanda, a yage, gungume ya farka shi. Ya san jan facin da ke jiki, don a gabansa aka manna shi. An ɗaura wata leda a jikin tiyub ɗin da bel, a ciki akwai takalman auren Lazar, baƙaƙe, an cusa takardunsa a ƙafar dama. Mutumin da ya kai tsallake ba ya barin takardunsa a ruwa. Anghel ya nutsar da tiyub ɗin da dutse, ya sa ledar cikin rigarsa. Ya ce wa kansa don Domnica ya yi, kada a kama ta a ce da saninta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce babbar gaskiyar ba. Bayan shekara biyu gwamnati ta faɗi, babu sauran mai kama kowa. Ya ce zai kai mata bayan Kirsimeti. Sannan ya ce bayan Ista. Kowace shekara ta ƙara wa maganar nauyi, har ta fi ƙarfin ɗauka. Abin da ya iya kawai shi ne duk farkon Nuwamba ya sauko da takalman daga saman rufi ya shafa musu mai, ya mayar.

Kwana biyu ya yi yana zagaya tsakar gida. Ya san abin da zai rasa: farfesun kifi da kujerar Gligor ba komai ba ne, amma zai koma mutumin da ake nunawa da baki, a garin da zai mutu a cikinsa. Ya kuma san abin da zai ƙwace wa matar nan, farin cikin mako biyu bayan shekara talatin da shida. Har ya raya a ransa ko barin ta da shi ya fi alheri. Sai ya hango ta a tashar wata ƙasa da hoto a hannu, tana tare baƙi da harshen da ba ta iya ba.

Ya sami Domnica tana shanya labule. Ta yi masa maraba da fara'a, ta jawo kujera, ta ce yau kam sai ya sha kofi. Bai zauna ba. Ya ajiye ƙunshin takalman da ya zo da shi a kan tebur ya kwance.

Ba ta taɓa su ba. Ta daɗe tana kallo.

"Babu wata na'ura, Domnica. Ruwa nake aunawa, shi ke nan aikina. Ban taɓa jin muryar mamaci ba." "Amma na ji ta Lazar. Yana da rai na ji ta, kusa da ni kamar yadda kike ɗin nan. Ya tambaye ni, na san amsar, na ce ban ji shi ba."

Ya faɗa mata duka, da Talatar da Alhamis ɗin da Asabar ɗin, bai rage wa kansa komai ba. Ta sa hannu a ƙafar dama ta zaro takardun, ta buɗe katin da ke da hotonsa, ta mayar. Sannan ta juya takalmi ɗaya ta duba ƙasansa, ta shafa fatar da babban yatsa.

"Wa yake shafa musu mai?"

"Ni."

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

"Kana da lokacin shafa wa takalmi mai." Ba ta ɗaga murya ba. "Gidana da naka minti shida ne, Nea Anghel. Na taɓa ƙirgawa, ranar da na kai wa Tanti Safta magani. Ka ga yatsun nan?" Ta nuna masa tabon kaki. "Da ka zo, da na yi kuka na shekara ɗaya na gama. Da wataƙila ina da 'ya'ya."

Bai ce ta yafe masa ba, don ya ga ba shi da bakin roƙo. Ta ce ya tafi, ya tafi.

Ba ita ta baza maganar ba, shi ya baza ta. Ya je laburare ya nemi littafin, ya buɗe shafin da aka rubuta A. D., ya rubuta a ƙasa da fensirinsa: "Ba ni ba ne. Babu na'ura. Abin da na ɓoye nawa ne, ba na gwamnati ba." Ya sa cikakken sunansa. Sauran kuwa Fada ya ji daga bakinsa, gari ya ji daga iska. Abin mamaki, rabin masu karatun ba su yarda ba. Gligor ya ce an tilasta masa ne, ai haka aka yi wa na littafin a babi na talatin. Mutane sun fi son gwamnati mai jin matattu a kan maƙwabci mai tsoro, don ta farkon ba ta kama da kowa a cikinmu. Waɗanda suka yarda kuwa suka daina ɗaga masa hula. Farfesu ya tsaya.

Asabar ta uku bayan haka, ƙanwar Domnica ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, fuska a ɗaure. "Ta ce ka zo coci."

Ya sa kwat ɗin da ya sa ranar da aka binne Safta. Ya tarar da harabar cike, Domnica cikin baƙi daga sama har ƙasa, ga babban tire na koliva an yi masa ado da sukari, da sunan Lazar a kai. Fada ya yi addu'ar da aka yi shekara talatin da shida ba a yi ba. Da aka fito ta sayi kyandir uku kamar kullum. Na ukun ta kunna shi, ta tsaya tsakanin akwatunan jim kaɗan, kamar ƙafarta ce ta saba, sannan ta matsa hagu ta kafa shi a yashin waɗanda suka yi barci. Ta kalli hannunta da babu komai a ciki, ta goge shi a jikin siket.

A wurinmu ranar irin wannan sadaka akan ba wani kayan mamacin, riga ko takalmi, kuma wanda aka ba sai ya sa su, don a ce mamacin bai tafi tsirara ba. Yawanci talaka ake nema, ko wanda mamacin yake ƙauna. Domnica ta ratsa mutane da ƙunshi a hannu da ɗan kwanon alkama a kai, ta tsaya a gaban Nea Anghel.

"Don ran Lazar," in ji ta.

Ya kasa ɗaga hannu. "Domnica, ki ba wani."

"Wa zan ba? Kai ka san su. Karɓi, ka faɗi abin da ake faɗa, da ƙarfi, ina so in ji."

Ya karɓa. "Allah ya gafarta masa," ya ce, harabar ta amsa.

"Sa su."

Ya zauna a kan dakalin coci, ya cire nasa, ya sa na Lazar. Sun yi masa kaɗan, da ƙyar diddigensa ya shiga. Ta tsaya a kansa har ya ɗaure igiyar duka biyun, sannan ta juya ta ci gaba da rabon alkama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma har yau babu wanda ya isa ya tambaye ta.

Littafin yana nan a laburare, bangon ya rabu, an ɗaure shi da roba, an daina yin layi a kansa. Nea Anghel kuwa har yanzu ƙarfe bakwai yake fita zuwa bakin kogi, sai dai yanzu bakwai da kwata yake isa, don takalman suna matsa masa. Gligor ya sha ce masa ya kawo a kai wa mai gyara ya buɗa su. Ya ce a bar su haka.